Kashi na Biyu

Ƙarfe sha ɗaya a Jekadafari,
an ɗauke wuta tun bayan isha'i,
janaretan mai shayi ya yi tari ya mutu.
Na buɗe kwamfutar da ka bar mini, Lamara,
mai tsagaggen murfi, mai batirin awa biyu,
wadda madanninta na hagu bai taɓa zama daidai ba.

Kashi na biyu ya fito.
Shekara shida muna jiransa, ko ka manta?
Kwana uku ina sauke shi da datar dare,
ina gyangyaɗi kan tabarma
kamar mai gadin tukunyar da ta ƙi tafasa.
Ga shi ya sauka, kai kuma ba ka nan,
ban san da wa zan yi gardamar hanya ba.

Yaron nan dai ne mai 'yar fitila,
sai dai ya ƙara tsawo, rigarsa ta ɗage.
Garin da muka baro, ruwa ya cinye shi,
rufin kwano kaɗai ke leƙowa,
da wata ƙararrawa can ƙasa mai bugawa a hankali
kamar daka a unguwa mai nisa.
Ba a magana a wasan nan, ka sani.
Iska ce, da ɗigon ruwa, da takun sawu,
da wani kiɗa da ba ka sanin ya fara,
sai ya tsaya ka ga ashe ba ka numfasa ba.

Ɗakin madubai na wuce shi ni kaɗai.
Na yi ta karkata haske daga bango zuwa bango
har ya faɗa ramin makulli.
Na ɗaga hannu mu tafa,
sai na tafa da sauro.
Na tuna darenmu a kashi na farko,
kai da linzami, ni da biro,
ina zana taswira a bayan takardar kuɗin wuta,
Inna na ƙwala kira: ku aljanu kuke kiwo ne?
Muka ce saura ƙofa ɗaya,
ƙofar da har asalatu ba ta buɗe ba.

Yau ma ga wata ta tare ni.
Ba mariƙi, ba ramin makulli,
duwatsu biyu a ƙasa, kowanne da zanen tafin ƙafa.
In na taka na dama, na hagu ya taso.
Na jawo akwati, ba shi da nauyi.
Na jawo guga, ya tuntsure.
Na zaga, na zaga, kamar akuya a turke,
batiri ya koma ja,
ruwan sama ya fara ƙwanƙwasa kwanonmu
har na kasa raba na Gombe da na cikin allo,
ban ko ji shigowar Dudu ba.

'Yarka, wadda aka haifa bayan kashi na farko,
ƙishirwa ta tashe ta,
ta tsaya bayana da kofi, ido rabi a rufe.
Ta ce: Bappa, ajiye fitilar mana, can baya.
Na ajiye.
Inuwar yaron ta miƙe, doguwa,
ta haye dutsen hagu ta tsaya kamar mutum.
Dutse ya nutse, ƙofa ta yi nishi.
Ita ko ta shanye ruwanta ta koma shimfiɗa,
ba ta ko jira ganin abin da ke ciki ba.

Ni ma na tsaya a bakin ƙofar.
Ƙarfe ɗaya saura na kira lambarka.
Na san kana wani garejin tankoki a hanyar Fatakwal,
ko ƙarƙashin mota, ko kan layin lodi.
Sai a kira na biyu ka ɗauka: lafiya? Dudu ce?
Na ce lafiya lau, saurara kawai.
Na kara wayar a bakin sifika,
ƙararrawar nan, da ɗigon ruwa.
Ka yi shiru har na zaci layi ya yanke.
Can ka ce: kar ka shiga, don Allah, sai na zo da sallah.
Allon ya yi baƙi kafin in amsa,
ban kuwa tuna ko na adana wasan ba.